Tabon hannun Kaka

Wata la'asar a Nguru ina zuba wa kakana ruwan alwala, sai na ga tabon ƙuna ya shafe zanen tafinsa.

"Kaka, wuta ce?"

"Bindiga ce, amarya. A yaƙin Bama na zamanin Turawa ni ke riƙe da mashinga mai ƙafa biyu, mai cin harsashi talatin. In bakinta ya yi zafi, sauya shi ake. Ranar da aka ritsa mu, mariƙinsa ya karye, na cafke ƙarfen haka nan."

"Ka yi kuka?"

"Sosai! Amma mu tara muka shiga, mu tara muka fito."

Yau ga ni da jikoki a Gashuwa, ban sake ganin namijin da kuka ya ƙara wa girma kamarsa ba.