Ƙofa Ba Sakata

Tun da hukuma ta hana zare kayan lantarki daga soket, jajayen idanunsu ba sa barci. Ko ba a taɓa su ba, tsotsar wutar da aka yanka wa gida suke yi.

Ranar jana'izar yayansa, Malam Ɗanjuma ya dafa ƙofar fita, ta ƙi motsi. Wutar da ta rage ba ta isa buɗe ta ba.

"Malam, da tsohon ƙyaurenmu ne, sakata kawai za ka zare," in ji matarsa Tabawa.

A waje liman ya ta da kabbara. Ɗanjuma ya gyara tsayuwa, goshinsa na gogar ƙarfen ƙofar, ya bi sallar daga ciki. A bayansa idon dutsen guga na nan jajir.