Dauɗar Linzami

Wiebe ya kife linzamin kwamfutar abokiyar aikinsa Tineke a tafin hannunsa, ya murɗa zoben ƙasan, ƙwallon robar ya faɗo. Duk Juma'a haka yake bin tebur goma sha biyu na ofishin zanen gine-ginen nan na garin Leeuwarden a ƙasar Holan. Ya wanke ƙwallo da ruwan ɗumi, ya sa matsefata ya kankare dauɗar da ta naɗe 'yan sandunan ciki, yana yi yana tsiya.

"Geertje, wallahi naki har ɓurɓushin biskit ne a ciki. Zane kike ko kiwo?"

"Ka ji da sanƙonka," in ji Geertje.

Ya leƙa na Tineke, ya ga fes yake, ya hura. "Ke kam ba kya wahalar da ni, 'yar gari."

Tineke ta yi murmushin yaƙe. Wata biyu ke nan tana sulalewa daga ofis da an ci burodin rana, ta hau keke zuwa wajen mahaifiyarta da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Geertje kaɗai ta sani. Ita ke barin fitilar teburin Tineke a kunne, ta rataya mata kwat a kujera, ta raba nata zanen da ita. Shekara goma sha huɗu suna tebur da tebur. Kamfanin kuwa ya ce zai rage mutum uku kafin bazara, kowa ya kama kansa.

Ran Litinin manaja ya kira Tineke. Bai ko ba ta kofi ba.

"Sati takwas ba ki yi aikin kirki a kwamfutar nan ba. Kar ki musa, ina da shaida. Daga yau an sallame ki."

Ta fito idonta ya rufe. A gaban kowa ta tsaya kan Geertje.

"Ashe ke ce? Da ni kika sayi kujerarki? Ke da kika taya ni juya uwata a gado!"

"Tineke, na rantse miki..."

"Riƙe rantsuwarki, munafuka."

Geertje ta kife kai a tebur tana kuka. Kowa ya manna ido a allonsa. Kai, mutane!

Wiebe ne kaɗai ya tashi. Ya samo kwali, ya zuba mata kofinta da hotuna da tukunyar fure, ya ɗauka har ƙasa inda ake jingine kekuna. Ana yayyafi.

"Sai haƙuri," ya ce. "Mutum mugun icce ne. Riƙe min jakata in ɗaure miki kayan."

Ta karɓa, hawayen da ta danne suka zubo. Ko ba komai, a ginin nan akwai ɗan halak guda. Jakar ta suɓuce mata, ta buɗe a kan daɓen dutsen da ya jiƙe.

Ta durƙusa tana tattarawa. Ƙananan ambulan ne cunkus, kowanne da sunan ma'aikaci da kwanan watan Juma'a, da rubutun Wiebe mai kyau. Na Geertje sun kumbura da dauɗar linzami. Nata guda takwas ne, ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, babu komai a ciki, kuma kowanne da sa hannun manaja. Ashe shaidar ke nan: linzamin da ba a aiki da shi ba ya tara dauɗa.