Firintar Baba Ta Tashi

"Ta yi! Wallahi ta yi!" Auta ta daka tsalle har gyalenta ya faɗi. Tsohuwar firintar shagon Baba kuwa sai aman takarda take yi.

Sati uku tana fama da direban firintar, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura. Manhajar ta kowa da kowa ce, duk mai iyawa sai ya buɗe ya gyara. Layi biyu kacal ta canza.

"Ashe karatun nan bai tafi a banza ba," in ji Baba, yana shafa firintar kamar jikarsa.

Nan take ta tura gyaran ga mai kula da direban, wani dattijo da aka ce yakan shekara bai amsa wa kowa ba. Ita ko minti biyar ba a yi ba amsa ta iso.

"Baba, wai in na yarda zai sa sunana a fayil ɗin direban!"

Ko sauran ba ta karanta ba ta rubuta: "Na yarda, ranka ya daɗe!"

Sai wayarta ta hau ƙara ba ƙaƙƙautawa. Saƙo ɗari huɗu, duk koke-koken masu firinta.

Na ƙarshe daga dattijon ne: "'Yata, shekara tara nake jiran wanda zai taɓa direban nan. Fayil ɗin na sunan mai kula da direban ne. Na cire sunana, na sa naki. Ni na tafi kiwon kaji, kada ki neme ni."