Labulen Rami na Shida

Ranar Talata, goma ga watan Mayu, 1921, da ƙarfe biyu da kwata na rana, direba Gisaburo ya tayar da jirgin ƙasa na kaya daga tashar Yokokawa zuwa saman dutse. Wannan ce tafiya ta ƙarshe da kan jirgi mai kwal zai yi a hanyar. Daga gobe, lantarki ne zai ja komai.

Shekara tara ke nan yana jin haushin lantarki. A 1912 aka kawo kawunan jirgi goma sha biyu daga Jamus, marasa hayaƙi, suka ƙwace jiragen fasinja. Aka bar wa tsofaffin direbobi buhunan shinkafa da itacen katako. Yanzu an ƙera wasu a gida, sun zo karɓar ragowar.

"Gobe sai ka koyi sa farar safar hannu irin ta direbobin lantarki," in ji Seikichi, mai zuba masa kwal tun suna samari.

"Gara in yi dakon kashi," Gisaburo ya ce. "Zuba, tsohon banza."

Ramuka ashirin da shida aka huda a dutsen don jirgi ya bi ta ciki, kuma kan jirgi daga baya yake turo taragu in ana hawa. Saboda haka kowane dogon rami yana da mai labule. Da zarar kan jirgi ya shige, sai ya ja labulen tamfol ya toshe bakin ramin. In an toshe, hayaƙi ya tsaya a baya. In an bar shi buɗe, iska ta koro hayaƙin ya bi direba taki ɗaya da shi, har ƙarshen rami. Na shida ya fi duka tsawo.

Mai labulen rami na shida Kumazo ne. Da can mutum ne mai surutu, har waƙa yake rera wa jiragen da ke wucewa. Bukkarsa ta ma'aikatar jirgin ƙasa ce, yana zaune a ciki da matarsa Tome da makauniyar uwarsa. Doka kuwa a fili take: ran da mai labule ya bar aiki, ko ya mutu, a fitar da iyalinsa.

A makon da lantarki ya zo, wata safiya mai hazo, Gisaburo ya gangaro minti uku kafin lokaci, don ya nuna wa injiniyoyi cewa kwal bai tsufa ba. Bai busa usur ba. A bakin rami na shida ya ji ƙafar jirgi ta taka wani abu.

"Barewa ce," ya ce wa Seikichi. "Ka ji ko? Barewa."

Kwana ya yi yana jiran 'yan sanda. Washegari sai ga mai labule tsaye a wurinsa, da shuɗiyar rigar aiki da hular kaba, ya naɗe fuska da tsumma kamar sauran masu labule, toka ta rufe abin da ya rage. Gisaburo ya yi dariya har hawaye.

Amma daga ranar waƙa ta ƙare. Kumazo bai ƙara amsa gaisuwa ba. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Aka ce matar ta koma garinsu. Albashi da shinkafa a jirgi ake kai masa, a ajiye a gefen dogo, don ba mai hawa can sai da dalili. Labule dai bai taɓa makara ba, ko sau ɗaya.

Idanun mai labulen ne suka dami Gisaburo. Sau huɗu a rana suna binsa. Ya tsane su. Yakan watsa masa garwashi da shebur in zai wuce.

Yau ma ya leƙo. "Kurma! Matarka da harshenka ta gudu? Gobe ba labule, ba bukka, mu ga inda za ka kai tsohuwar!"

Mai labule yana riƙe da igiya. Ya dube shi, duhu ya haɗiye kan jirgin.

Gisaburo ya jira ƙarar tamfol. Bai ji ba. Ya waiwaya, ya hangi bakin ramin fari tas, yana ƙanƙancewa.

"Bai ja ba," Seikichi ya ce, ya faɗi rubda ciki, ya danna jiƙaƙƙen tsumma a hanci.

Hayaƙi ya sauko musu, mai zafi kamar ruwan wanka. Gisaburo ba shi da halin kwanciya. In ya saki ƙarfen da ke buɗe tururi, taragu za su danno su baya har gindin dutse. Ya tsaya a tsaye, yana ƙirga numfashi. Ya kai goma sha ɗaya.

Jirgin ya fito da ƙarfe uku saura minti takwas, Seikichi ya rarrafa ya tsayar da shi. Sai da aka ɓamɓare yatsun direban daga ƙarfen.

Waɗanda suka rage da rai bayan wannan rana su ne: Seikichi, wanda bai ƙara magana da ƙarfi ba har mutuwarsa, masu birkin jirgin su uku, ba abin da ya same su, makauniyar tsohuwa, wadda wani gidan ibada ya ɗauka, da kuma Tome, wadda 'yan sanda suka tarar zaune a bayan bukka, ta cire hular kaba, ta ninke shuɗiyar rigar a kan kabarin da ta haƙa wa Kumazo da hannunta shekara tara da suka wuce.