Ƙarfen Ƙirjin Doki

Mahayin da ya tuɓe dokinsa don ya rufe kansa azzalumi ne. Haka wani mahayi ya yi ana shirin yaƙi: ya kwance ƙarafan da ke kare ƙirjin dokinsa, ya ɗaura su kan sulkensa, riɓi biyu.

Wansa ya ce, "Kai matsoraci, mai ɗaukarka ka bari tsirara?"

Ya yi dariya. "Yaya, doki ana sayen wani. Ni fa?"

A mashigin kogin Amu kibiya ta huda ƙirjin dokin, mahayin ya faɗi rigingine cikin ruwa. Wan ya diro, ya kama wuyan sulken, ya ja har ƙarfinsa ya ƙare, ƙarfen ya ƙi ɗaguwa. Ba ko ƙwarzane a jikinsa, mahayin ya mutu a ruwan da bai kai gwiwa ba.