Mai Shimfiɗa da Mai Bene

Ka ce zuciyarka ta kasa zama tun da ka ga shagon maƙwabcinka ya fi naka faɗi. To gyara zama, Malam Ɗanlami, in ba ka misalin wasu direbobi biyu.

A Funtuwa aka yi su, aminan juna, dukansu sana'arsu ɗaukar motoci a bayan babbar mota. Na farko tirelarsa shimfiɗa ce, gajeriya, cikinta kusa da ƙasa kamar kwanciyar kada. Mota biyu take ɗauka, in an matsa uku. Tana da ƙarafa biyu da ake saukewa ta baya su zama matakala, da sarƙar jawo motar da ta ƙi tashi. Aikinsa bin ƙauyuka: duk inda mota ta mutu, a Bakori ne ko Ɗandume ko can cikin gonakin auduga, shi ake kira ya kai ta wurin makanikai. Na biyu kuwa tasa mai bene ce, doguwa, huɗu a ƙasa huɗu a sama, daga bakin teku yake lodin motoci masu sheƙi ya kawo Arewa. In ya shigo gari har masu shayi sai sun miƙe sun kalla.

Shekara goma sha ɗaya mai shimfiɗa yana cin abincinsa lafiya, sai ranar da suka jera a gidan mai. Ya ɗaga kai ya ga motoci takwas suna walƙiya, ya waiwaya ya dubi tasa, ga wata tsohuwar a-kori-kura ba gilashi, kaji sun gama ɓata kujerunta. Tun daga ranar ya rasa sukuni. Bai shawarci kowa ba ya ja tirelarsa zuwa wurin tsohon mai waldar da ya ƙera ta, ya ce a yanke ta, a ƙara mata tsawo, a ɗora mata bene. Tsohon ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da 'yar gudumarsa, ya ce, "Yanka ba wuya, ɗana, kafin la'asar na gama. Amma ƙarfen da aka yanke ba ya komawa yadda yake. Je ka bi abokinka tafiya ɗaya, ka riƙe sitiyarin da hannunka. In ka dawo kana so, ga wuta ga ƙarfe."

Haka kuwa aka yi. Zuwa bai ji komai ba, tun da tirela ba kaya. A wurin lodi ido ya fara raina fata. Wuni guda suka yi, masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama, kuma ta saman sai an hau da ita a kan ƙarafan da faɗinsu bai wuce na taya ba, mutum yana leƙen ƙasa. Kowace taya da sarƙarta, talatin da biyu ke nan, duk inda aka tsaya sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an taɓa. Da suka kama hanya, shi da ya saba duban ramuka sai ga shi yana duban sama: wayar lantarki, reshen mangwaro, cikin gada. In an zo kwana sai benen ya yi layi kamar mai ɗauke da tulu biyu a ka, shi kuma ya riƙe numfashi har sai ta miƙe. A wani gari, ranar kasuwa, suka tarar da waya ta yi ƙasa. Abokin ya haye bene da doguwar gora ya ɗage ta, shi kuma ya rarrafa da motar ta ƙarƙashi, gumi har cikin takalmi. Da ya leƙa madubi, me zai gani? Mutumin nan yana can sama yana 'yar waƙarsa, yana ɗaga wa 'yan kasuwa hannu.

Da ya sauko mai shimfiɗa ya ce masa, "Wai kai abin nan ba ya damunka?" Abokin ya ce, "Damu? Ai ni in ban ji bene yana rawa a bayana ba, gyangyaɗi nake yi. Taka ce ba zan iya ba, mutumina. In shiga taɓo har gwiwa ina jan gawar mota, kullum in kwana a gida kamar kazar da ke kwanci? Allah ya sawwaƙe!" Suka tuntsire da dariya, har mai shimfiɗa ya share hawaye.

Kwana tara suka yi kafin su ga Funtuwa. Ko gida bai je ba ya biya wurin mai walda ya ce, "Baba, a bar ta yadda take. Matakalar dai a ƙara mata faɗin tafin hannu, na ga amfanin haka a can." Tsohon ya jawo abin aikinsa.

Washegari da hantsi aka kira shi wani ƙauye bayan Ɗanja. Motar da ke kai musu marasa lafiya asibiti, ita kaɗai gare su, ta zame cikin kwazazzabo bayan ruwan sama, a wata siririyar hanya tsakanin gonaki wadda doguwar tirela ko juyawa ba za ta iya ba. Ya shiga da baya, ya naɗe ƙafar wando, ya ɗaura sarƙa, motar ta hau shimfiɗa sumul, mata suna guɗa. Mai unguwa ya sa aka dama masa fura da nono ƙwarya guda, ya zauna a gindin ɗorawa ya shanye tas. La'asar sakaliya yana kan hanyar gida, sai ga mai bene ya nufi kudu, ya danna masa oda mai tsawo. Kowa ya ɗaga wa ɗan'uwansa hannu, kowa yana tausayin ɗan'uwansa a zuci.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.