Kafin Kaza Ta Ɓace

Bayan isha'i, a ƙofar gidan su Luba da ke Nahuce, Tajuddeen ya miƙa mata wayarsa. Hoton wani gungun taurari ne mai kama da jan hayaƙi, irin abin da ya tafi ƙasar waje karantawa.

Ba ta karɓa ba. Ta ɗaga kai sama, inda taurarin Kaza da 'ya'yanta ke gangarawa yamma, alamar damina ta kusa.

"A nan ka tsaya ka ce mini kafin su ɓace za ka dawo," in ji ta. "Sau bakwai ke nan suna ɓacewa."

Ya sunkuyar da kai. "Na makara ke nan, Luba?"

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Bana saura musu sati biyu. Ka turo kawunka."